Kuɗin cefane na ƙarewa tun 20 ga wata: ya kuka yi?

Amarya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wata takwas ke nan da aurena. Maigida yana ba ni kuɗin cefanen wata a dunƙule, amma kafin 20 ga wata babu ko sisi a hannuna, kuma ba wani abin a-zo-a-gani nake saya ba. Nauyin sake tambayarsa nake ji. Don Allah waɗanda suka taɓa shiga wannan hali, ya kuka yi?

Maman 'yan biyu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekara biyu na yi ina fama da wannan, har na fara zargin wani ne ke taɓa min jaka. Da abin ya ishe ni na sayi ƙaramin littafi na rataye shi a bakin ƙofar kicin, duk abin da ya fita sai na rubuta, komai ƙanƙantarsa. Ranar da na cika kwana 30 na zauna na haɗa lissafi, jikina ya yi sanyi. Ashe manyan kayan abinci ba su da laifi. Kuɗin mota na zuwa kasuwa sau uku a mako, katin waya, da kayan kwalamar yara, su ne suka yi min illa. Yanzu ina raba kuɗin kashi huɗu a ambulan huɗu, ta mako na biyu ba ta buɗuwa sai na farko ya cika. Kasuwa kuwa sau ɗaya a mako, da takarda a hannu.

Magidanci: Ni laifin daga wajena ya fito. Ban taɓa gaya wa uwargida abin da nake samu ba, ita tana ganin ina matse hannu, ni ina ganin tana almubazzaranci. Na gwada tsarin nan na 50/30/20, wato rabi ga buƙatu, kashi 30 ga abin sha'awa, 20 ga ajiya, bai zauna mana ba, domin abinci da haya kaɗai sun haura rabin. Daga baya na karanta cewa tun 1857 wani Bajamushe masanin ƙididdiga, Ernst Engel, ya nuna cewa duk yadda samun iyali ya yi ƙasa, kason da abinci ke ci a cikinsa yana ƙaruwa. Sai muka zauna da ita, na ajiye mata takardar albashina, muka yanka namu kason da kanmu. Ajiyar kaɗan ce, amma ita muke fara cirewa ranar da kuɗi suka shigo. Ita ta rufa mana asiri da ƙaraminmu ya kwanta asibiti.

Malama: Ki leƙa kwandon shararki ma. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 an zubar da abinci sama da tan biliyan ɗaya, kuma kashi 60 cikin ɗari daga gidaje ya fito. Mu biyu ne a gida amma girkin mutum biyar nake yi, kamar yadda na saba a gidanmu. Na koma aunawa da kofi ɗaya tak, kuma idan na yi sayayya, tsohon kaya nake jawowa gaba, sabo ya koma baya.

Kaka: 'Yata, cire kunyar nan ki yi wa mijinki magana, amma da lissafi a hannunki. Ta yiwu kuɗin ne ba su isa ba tun asali, shi kuma bai sani ba.

Amarya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na sayi littafin yau da safe, har na rubuta abu huɗu. Yaya Maman 'yan biyu, kuɗin gas da na wuta a wace ambulan kike sa su?

Maman 'yan biyu: Tasu daban ce, ta biyar. Su nake fara warewa kafin in raba sauran.