Mura ce ke tayar mini da asma, ku fa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 41, kuma da asma na girma. Ƙura da hayaƙi ina iya kauce musu, amma mura ta gagare ni. Ranar farko atishawa da yoyon hanci, rana ta uku sai ta sauka ƙirji. Makon jiya a zaune na kwana, na jingina da bango, ƙirjina yana kuka kamar ɗan mage. Akwai mai fama da irin wannan?

Wata 'yar'uwa: Wa alaikumus salam. Sannu Malam, kamar labarina kake bayarwa. Likitana ya ce bairos ɗin da ke kawo murar yau da kullum, rainobairos, shi ne kan gaba wajen tayar da asma. Yana kumbura hanyoyin iska, majina ta taru, tsokar da ke kewaye da su ta matse. Abin da ya fi ci mini rai, murar ta tafi cikin mako guda, tarin dare ya bi ni kusan wata. Laifina ne kuma: da na ji sauƙi sai in ajiye inhelar kariya (maganin shaƙa), mai sitiroyid da ke rage kumburi, in riƙe shuɗiyar inhelar kawai. Ita shuɗiyar, salbutamol, hanya take buɗewa na 'yan sa'o'i, ba ta taɓa kumburin. Tunda na daina tsallake inhelar kariyar, ina shaƙar ta kullum, mura tana zuwa ta wuce ba ta kayar da ni ba.

Wani ɗan'uwa: Ni antibayotik na riƙa sha a banza, ashe ba ya kashe bairos. A kula da asfirin da ibufurofen ma, wasu masu asma suna tayar musu da ita. Ina cikinsu.

Wata uwa: Ɗana, kada ka sake kwana a zaune kana jiran gari ya waye. Ni fulu ce, wato mura mai tsanani, ta kai ni gadon asibiti. Na shaƙi inhela, kafin awa 4 numfashi ya sake sarƙewa, ko sunan 'yata na kasa kira a numfashi ɗaya. Sai da aka sa mini iskar oksijin, aka ba ni firednisolon, maganin rage kumburi, na kwana 5. Yanzu duk shekara ina yin allurar rigakafin fulu, jikokina kuma in suna mura, daga nesa muke gaisawa.

Mai tambaya: Na gode Mama, Allah ya ƙara lafiya. Tawa inhelar kariyar tana cikin durowa wata biyu ke nan. Gobe da safe zan ɗauke ta in je wurin likita, ya rubuta mini abin da zan yi tun ranar farko ta mura.