Katunan besbol na zamani: tsadarsu ta cancanci a biya?

Baban Khalifa, Bronx

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman jin ta bakin waɗanda suka taɓa sa kuɗinsu a katunan 'yan wasan besbol, musamman waɗanda ake bugawa a shekarun nan. Gidanmu ba shi da nisa da filin wasan ƙungiyar Yankees, yaran unguwa kuma, har da nawa, sun tashi da son wasan. Na fahimci dalilin da ya sa katin Mickey Mantle na 1952 ya kai dala miliyan 12.6 a gwanjo a 2022, domin tsohon kati ne, ɗan wasan ya rasu tun 1995, kuma waɗanda suka rage da kyansu ba su da yawa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne katin da aka buga bara ko bariya, na yaron da bai gama kafa sunansa ba, a ce ana neman ɗaruruwan daloli ko dubbai a kansa. Babban ɗana yana tara kuɗin aikin hutu domin ya sayi katin Aaron Judge na 2017, wanda aka tantance aka rufe a cikin roba, kuma ba na so in amince ko in hana shi kafin in ji daga wanda ya saya ya kuma sayar.

Alhaji Mai Tasi, Shikago

Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Ni dai amsata ita ce a'a, kuma ba da jita-jita nake magana ba. Na zo ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da kowa yake cewa kati ya fi ajiyar banki, har a gidan mai da shagon sayar da jarida ana jera kwalaye. Ni da abokin zamana muka riƙa sayen kwali a rufe muna ajiyewa a ɗakin ƙasa, da nufin kuɗin makarantar yara idan sun girma. Abin da ya faru shi ne Amurka kaf ta yi irin wannan tunanin, kamfanoni kuma suka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa, saboda haka abin da kowa ya adana ba wanda yake nemansa. Yajin aikin 'yan wasa na 1994, wanda ya sa aka soke wasan ƙarshe na shekarar, ya ƙarasa kashe kasuwar. Da na kai kwalayen wani shago bayan shekaru masu yawa, mai shagon ko buɗewa bai yi ba, ya nuna mini irinsu jibge a bayan ƙofa. Hatta katin Ken Griffey Jr. na kamfanin Upper Deck na 1989, wanda ake yi wa kallon sarkin katunan zamanin, idan ba a tantance shi da maki mafi girma ba kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Injiniya Nura, Hustan

Alhaji, ranka ya daɗe, abin da ka faɗa gaskiya ne, amma kamfanonin sun ɗauki darasi daga wancan zamanin, kuma a nan ne tsadar yau ta samo asali. Yanzu ana buga hoton ɗan wasa ɗaya a launuka daban-daban, a rubuta lamba a jikin kowane kati. A katunan Bowman Chrome, misali, shuɗi guda 150 ne, kore 99, ruwan zinari 50, ruwan lemo 25, ja 5, sannan akwai guda ɗaya tilo da ake kira Superfractor. Irin wannan tilon na Mike Trout, na 2009, mai ɗauke da sa hannunsa, an sayar da shi kusan dala miliyan 3.9 a watan Agustan 2020. Ke nan ƙarancin ba tsufa ne ya kawo shi ba, tun daga injin bugawa aka tsara shi.

Ni na saya, na ci riba, na kuma faɗi. Katunan Shohei Ohtani na 2018 na tara a lokacin da aka yi masa aiki a gwiwar hannu, mutane suna cewa ba zai iya haɗa jifa da bugu ba. Da ya zama gwarzon gasarsa a 2021 na sayar da rabi, kuma ribar ta ninka uwar kuɗin. Da wannan ribar na sayi katin Fernando Tatis Jr. mai lamba, bayan ya sa hannu a kwantiragin shekara 14 na dala miliyan 340 kuma ana ganin ba mai tsayar da shi. A watan Agustan 2022 aka dakatar da shi wasa 80 saboda gwajin ƙwayar ƙara kuzari, sai masu tayi suka watse. Ya dawo yana wasa da kyau, amma har yau ba a taya mini katin da abin da na biya ba. Idan na haɗa lissafin biyun ina da ɗan saura, sai dai wannan sauran daga mutum ɗaya ya fito, wato Ohtani, mutumin da ba a ga irinsa wajen haɗa jifa da bugu ba tun zamanin tsohon tauraro Babe Ruth.

Wani abin da ban ga ana faɗa wa sababbin shiga ba shi ne, kalmar tilo ba ta nufin abin da mai saye yake zato. Kamfani ɗaya yana fitar da jerin katuna iri-iri a shekara, kowane jeri da nasa tilon, saboda haka fitaccen ɗan wasa yana iya samun katunan tilo masu yawa a kaka ɗaya.

Maman Iman, Toronto

Ni ba a sayen kati ɗaya na ga ɓarna ba, a abin da suke kira fasa kwali na gan ta. Ƙanena da yake zaune a wurina ya shiga harkar. Wani mutum zai sayi kwali mai tsada, ya sayar da gurabe 30 daidai da yawan ƙungiyoyin gasar, a juya ƙuri'a kowa ya sami ƙungiya, sannan ya riƙa buɗe fakiti a gaban kyamara kai tsaye, duk katin ƙungiyarka da ya fito naka ne. Na zauna kusa da shi wani dare na kalla. Mutumin yana zare katunan a hankali, yana rufe sunan da babban yatsa domin ya ja rai, da ya hango ƙyalli sai ya ɗaga murya, mutane kuma suna ta turo rubutu. Ƙanena ya faɗa kan ƙungiyar da ba ta da wani sabon tauraro, ya tashi da katuna uku na gama-gari, kuma kafin a rufe shirin ya riga ya biya gurbi a kwali na gaba. Hukuncin wannan na bar wa malamai, amma ni a idona biyan kuɗi a kan abin da ba ka san mene ne ba, ƙuri'a kuma ta raba, bai yi nisa da caca ba.

Kullum hujjarsa ita ce katin Paul Skenes na Pittsburgh, wanda aka manna wa ƙyallen rigar wasansa na farko. Yaro ɗan shekara 11 a Los Angeles ne ya same shi a fakiti, ƙungiyar Pittsburgh ta yi masa tayin tikitin kallon wasa na shekara 30 a madadin katin, iyalinsa suka zaɓi gwanjo, aka sayar dala miliyan 1.11 a watan Maris na 2025. Labarin gaskiya ne, amma kati ɗaya ne a duniya, kuma dubban da suka sayi kwalaye suna nemansa ba wanda ya ba da labarinsu.

Malam Habu, Kolombos

Ina taimaka wa wani mai shagon kati a ƙarshen mako, saboda haka ina ganin harkar daga bayan kanta. Baban Khalifa, abin da ɗanka zai biya ba kuɗin kwalin takarda ba ne, yawancinsa kuɗin makin da aka rubuta a saman robar ne. Kamfanonin tantancewa irin su PSA suna ba da maki daga 1 zuwa 10. Kafin mu tura kati muna sa shi ƙarƙashin fitila da madubin ƙara girma, mu duba kusurwoyi huɗu ko akwai ɗan fari, mu auna ko hoton ya zauna a tsakiya, mu karkata shi mu ga ko injin ya bar zane a fuskar. Bambancin 9 da 10 sau da yawa ido ba ya gani, amma farashi yana iya ninkawa a kansa. Tsohon kati yana da wuya ya sami 10 domin yara sun yi wasa da shi, na zamani kuwa daga fakiti sai leda, shi ya sa katin gama-gari na shahararren ɗan wasa za ka tarar masu maki 10 sun kai dubbai. Kamfanin yana wallafa wannan adadin kyauta, kuma yana ƙaruwa ne, ba ya raguwa.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu sayen farkon 2021. A lokacin annobar korona mutane suna zaune a gida da kuɗin tallafi, kasuwar ta haukace, har PSA ta dakatar da karɓar yawancin katuna a ƙarshen Maris saboda sun yi mata yawa, kamfanin Target kuma ya dakatar da sayar da su a shagunansa a watan Mayu bayan wani rikici a wurin ajiye motoci a jihar Wisconsin. Har yanzu suna shigowa da katunan a jaka, mu nuna musu farashin da aka sallama na baya-bayan nan, su yi shiru su mayar. Mafi muni su ne masu katin Wander Franco, wanda aka ɗauka shi ne matashi na ɗaya a wasan, Tampa Bay ta ba shi kwantiragin dala miliyan 182 a 2021, sannan tun Agustan 2023 bai sake buga wasa ba saboda shari'a a ƙasarsa. Nasa ko tayi ba ma yi.

Game da Judge, shi aƙalla ya riga ya yi abin da za a tuna shi da shi, domin a 2022 ya karya tarihin gasarsa na yawan home run a kaka ɗaya, wato bugun da ke fitar da ƙwallo bayan shingen fili, wanda Roger Maris ya kafa a 1961. Idan ɗanka yana son katin ne domin ya riƙe, ya duba farashin da aka sayar, ba wanda aka sa ba, ya kuma gwada na maki 9. Idan riba yake nema, ya sani la'adar shafin saye da sayarwa na eBay ta kai kusan kashi 13 cikin 100, wato katin dala 300 sai ya sayar da shi kusan 350 kafin ya mayar da kuɗinsa, ban da kuɗin aikawa.

Sadiya, Los Angeles

Yayyena, duk kun yi magana a kan riba, ni kuwa ba don ita na saya ba. Ina da katin Ohtani na kakar 2024, shekarar da ya zo Dodgers ya kafa tarihin 50 da 50, wato ya kai home run 50 da satar zango (stolen base) 50 a kaka ɗaya. Na biya fiye da abin da Malam Habu zai yarda da shi, amma kuɗin bai wuce na tikitin wasa biyu ba, kuma ban taɓa duba nawa yake yi yanzu ba. A wurina ya cancanta, domin na san abin da nake saye kuma na ga katin kafin in biya.

Alhaji Mai Tasi, Shikago

'Yata Sadiya, naki ba ni da ja a kansa, kin sayi abin da ranki yake so da kuɗin da ba zai hana ki barci ba. Wanda ba zan taɓa fahimta ba shi ne zuba dubbai a kan yaro ɗan shekara 17 da bai taɓa taka babbar gasa ba, wannan sayen maraƙi ne tun yana cikin saniya. Kuma Injiniya, ka ce kamfanoni sun ɗauki darasi, to a zamaninmu aƙalla suna da yawa suna gasa da juna. Yanzu kuwa Fanatics ta sayi kamfanin buga kati na Topps tun farkon 2022 kan kusan dala miliyan 500, lasisin gasar da na ƙungiyar 'yan wasa duk suna hannunta, wato mai sayar da ƙarancin shi ne mai injin. Malam Habu, katin da ba a rubuta wa lamba ba, akwai wanda ya san nawa ake bugawa?

Malam Habu, Kolombos

Alhaji, ba a bayyana adadin katunan gama-gari na babban jerin shekara. Abin da ake wallafawa shi ne yiwuwar samun kati mai lamba, wato ɗaya a cikin fakiti nawa, kuma daga nan ne masu tara kati suke ƙiyasta yawan fakitin da aka buga. Idan ka ga kati mai guda 50 yana ƙara wuyar samu daga shekara zuwa shekara alhali adadinsa bai canja ba, to fakitin ne suka ƙaru. A shagonmu takardar nan muke fara dubawa kafin mu yanke yawan kwalin da za mu yi oda.