Ni da abokina mun fara sana'a ba rubutu ba rijista, ta ina za mu soma gyarawa?

MaiBugaRiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah masu sani a taimaka min. Ni da wani abokina tun na makaranta muka fara sana'ar buga rubutu da zane a jikin riguna muna sayarwa ta intanet, wata biyar kenan. Shi ya sayi injin, ni kuma nake komai tun daga zane har aika kaya, shi yana aikin ofis sai ƙarshen mako yake leƙowa. Mun ce riba rabi da rabi amma duk a baki ne, ko takarda ɗaya babu, kuɗin ciniki ma asusuna yake shiga. To yanzu wani kamfani ya nemi mu yi wa ma'aikatansa riguna da yawa, suka ce sai mun kawo takardar rijista da asusu mai sunan kasuwancin. Rijistar suna kawai ta isa ko sai mun buɗe kamfani? Sannan gaskiya ina jin nauyin ce masa mu rubuta yarjejeniya, kar ya ga kamar ban yarda da shi ba.

Tsohon_Direba:
Wa alaikumus salam. Ƙanena wannan jin nauyin shi ya cinye ni, dan haka bari in fara da shi. Ni ma haka muka yi da wani aminina, motar ɗaukar kaya, shi kuɗi ni tuƙi. Shekara biyu lafiya lau, ranar da injin ya buga aka zo maganar gyara sai ya ce ai shi rance ya ba ni, motar tasa ce, gyara kuma nawa ne tunda ni nake hawa. Ni kuma duk tsawon lokacin nan a zuciyata jari ya zuba. Kuma wlh ba zan ce ƙarya yake ba, kowa abin da ya fahimta daban ne tun ranar farko, ba mu zauna mun faɗa da baki ba balle mu rubuta. Yau ko gaisawa ba ma yi. To tambayi kanka, injin buga rigunan nan naku na waye? Na shi ne ya ba ku aro, ko ya zama na kasuwancin? In ba ka da amsa yanzu yanzu to ka ga inda gizo ke saƙar.

UmmuLauya:
Malam MaiBugaRiga, dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa sai ka duba na inda kake, amma ginshiƙin abin kusan ɗaya ne ko'ina. Abu na farko da mutane ba su sani ba, a ƙasashe da yawa da zarar mutum biyu suna kasuwanci tare suna raba riba doka ta ɗauke su abokan tarayya ko sun rubuta ko ba su rubuta ba. Ma'ana in abokinka ya je ya ɗauko bashin yadi da sunan sana'ar ya kasa biya, mai bashi yana iya biyo ka, kuma ba rabi kawai ba, yana iya neman duka a wajenka har ya kai ga dukiyarka ta gida. Rijistar suna ba ta canza wannan, suna ne kawai aka sa a littafi, ku ɗin dai ku ne.

Kamfani mai Ltd a ƙarshen sunansa shi ne daban, doka tana kallonsa kamar wani mutum ne mai zaman kansa, yana mallakar kaya, yana cin bashi, yana kai ƙara kotu ana kuma kai ƙararsa. Duk ɗalibin lauya ya san shari'ar Salomon ta 1897 a Ingila. Mutumin mai yin takalma ne, ya mai da sana'arsa kamfani, shi da matarsa da 'ya'yansa biyar ne masu hannun jari amma kusan duka a hannunsa yake. Kamfanin ya karye, aka so a ɗora masa bashin tunda ai kowa ya san shi ne kamfanin, kotun ƙoli ta lokacin ta ce a'a, shi daban kamfani daban.

Kuma in kana ganin tsoron tarayya wasa ne duba Apple. A 1976 su uku ne suka sa hannu, Steve Jobs da Steve Wozniak da wani Ronald Wayne mai kashi 10 cikin ɗari. A lokacin tarayya ce ba kamfani ba, su biyun samari ne ba su da komai, shi kuma Wayne ya manyanta yana da abin da masu bashi za su kama, ko sati biyu ba a yi ba ya karɓi dala 800 ya fita. Ganin yadda kamfanin ya bunƙasa daga baya mutane na masa dariya har yau, ni kam na fahimce shi.

Amma fa kar a ɗauka Ltd laya ce. In banki ko mai haya ya sa ka sa hannu cewa kai da kanka ka tsaya wa kamfanin, to kariyar ta tashi a kan wannan bashin, kuma sabon kamfani kusan kullum sai sun nemi haka. Haka in kana cakuɗa kuɗin kamfani da na aljihunka kana ba mai ƙara makami ne.

Yarjejeniyar kuma ba sai ta yi shafi talatin ba. Wa ya kawo me kuma a matsayin me, kai mai aikin kullum kana da albashi kafin a raba riba ko babu, wa ke sa hannu a banki, in mutum zai fita ko ya rasu ya za a ƙiyasta kasonsa kuma wa ke da haƙƙin saye. Sai rabi da rabin nan, yana da daɗin ji amma ranar da kuka saɓa babu mai rinjaye, komai tsayawa yake cak, dan haka ku rubuta yadda za a warware.

Akawu_77:
Hajiya ta yi bayani amma ni ban goyi bayan a ruga buɗe kamfani dan oda ɗaya ba. Kamfani kamar jariri ne, in ka haifa sai raino, rahoton shekara shekara, littafin lissafi, takardun haraji ko an yi ciniki ko ba a yi ba, in ka manta tara na taruwa shiru ba ka sani ba. Ku fara tambayar masu odar takamaimai me suke so, wataƙila rijistar suna da lambar haraji da asusu sun wadatar.

Abin da nake gani yana kashe mutane shi ne harajin da ake karɓa a kan kaya da wanda ake cirewa a albashin ma'aikata. Wannan ba kuɗinka ba ne, ajiya ce ta gwamnati a hannunka, amma sai mutum ya ga asusu ya cika ya sayo kaya da shi. Kuma tun yau ka fitar da lissafin wata biyar ɗin nan daga asusunka ka nuna wa abokinka kafin ya tambaya.

Zane_da_Alƙalami:
Ba wanda ya taɓo ɓangarenmu na masu zane. Wa ya zana muku tambari? In wani kuka biya ya zana, a wurare da yawa haƙƙin mallakar zanen yana hannunsa har sai ya rubuta ya sa hannu cewa ya sallama muku, biyan kuɗi kaɗai ba ya isa. Sannan rijistar suna daban rijistar alamar kasuwanci daban, ita rukuni rukuni ake yi, guda 45 ne a tsarin da yawancin ƙasashe ke bi, tufafi suna rukuni na 25. Ku bincika ko wani ya riga ku sunan kafin ku buga leda dubu.

Kuma dan Allah, tunda buga riga kuke, ku daina ɗauko hoto a Google ko tambarin ƙungiyar ƙwallo kuna mannawa. In kwastoma ne ya kawo zane a rubuta a takardar oda cewa nasa ne kuma shi zai ɗauki alhaki.

MaiBugaRiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Tsohon_Direba maganarka ce ta sa na kira shi jiya da dare, na ce masa masu odar ne ke neman takardu dan haka mu zauna, ashe shi ma abin na ransa yana jin nauyina. Amma da na tambayi zancen injin sai ya yi shiru ya ce ai a ganinsa nasa ne, rabin ribar kamar kuɗin haya ne. Ni kuma ba haka na ɗauka ba sam. Asabar za mu haɗu. Tambarin kuma ƙanwar matarsa ce ta zana mana kyauta, ita ma sai ta sa hannu kenan?