Jama'a, me za mu kira touring exhibition da Hausa?

Mai tambaya: Salamu alaikum masana. Fassara nake yi ta tsaya min a kan wannan abin da gidajen tarihi suke yi, su haɗa kai su tara kaya a yi nuninsu a gari ɗaya wata uku ko huɗu sannan a naɗe a kai wani gari ko ma wata ƙasa, in an gama kowa a mayar masa da kayansa. Na sa baje kolin yawo amma bai kwanta min ba.

Bakatsine: Haba ɗan'uwa, cire yawon nan, sai ka ce kayan sun bar gida ba sallama. Abin nan fa shekaru ake yi ana shirya shi. Dubi nunin Caravans of Gold na 2019, gidan tarihin Block na jami'ar Northwestern a Amurka ya haɗa shi, ya aro kaya daga Mali da Maroko da Najeriya, har da ƴan kunnen zinare da aka tono a kusheyin Durɓi ta Kusheyi nan ƙasar Mani. Daga can aka kai shi gidan tarihin Aga Khan a Toronto, sannan Washington. Tun kafin a ɗaga ko tsinke an san zango nawa za a yi da ranar dawowa.

Wata malama: To ai muna da tafi-da-gidanka, kamar kotun tafi-da-gidanka. Baje kolin tafi-da-gidanka kawai.

Bakatsine: Malama wannan ya fi dacewa da motar da ake zuba hotuna da kwafin kaya ana zagaya makarantu da ita. Nan kuwa gida ne yake karɓar baƙuncin kayan wani gida, a sa hannu a yarjejeniyar aro, a biya inshora mai tsadar gaske, a ƙera wa kowane abu akwatinsa daidai jikinsa, kuma ma'aikacin gidan da ya ba da aron shi zai rako kayan har cikin jirgi, a gabansa za a buɗe akwati a duba da fitila ko wani wuri ya tsage ko ya kankare a rubuta, haka za a sake yi ranar tashi. Har zafi da laimar ɗakin sai an yi sharaɗi a kai. Tsadar nan ce ma ta sa suke haɗa guiwa, gida uku su raba kuɗin jigila da na buga littafin nunin.

Wani dattijo: Yara kuna ta nisa alhali kalmar tana gabanku. Rangadi. Sarki in zai fita rangadi an san garuruwan da zai sauka, an san masu masauki, an san ranar komawa fada. Ni dai nunin rangadi zan ce, don koli na sayarwa ne, waɗannan kuwa ko taɓawa ba a yi.

Wata malama: Baba gaskiya rangadi ya zauna. Amma baje koli ya riga ya kama bakin ƴan jarida fa.

Wani dattijo: Su ci gaba da shi a kasuwar duniya ta Kaduna, can ne ake ciniki.

Ɗan Zangon Kumasi: Ina tare da Baba, sai dai a kula kar a zuba komai cikin rangadin nan. A 2024 gidajen tarihin British Museum da Victoria and Albert (V&A) na Landan sun kawo kayan zinare da azurfa 32 na masarautar Asante gidan tarihin fadar Manhyia da ke Kumasi a Ghana, wai aro na shekara uku ana iya ƙara uku, alhali da yawansu sojojin Ingila ne suka kwashe su daga Kumasi a 1874. Wannan ba rangadi ba ne, wuri ɗaya suka zo suka zauna, kuma mutane da yawa a nan kalmar aron ma ba sa son ji, ta yaya za a ara maka kayan kakanka?

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na ɗauki nunin rangadi, na cikin gida kamar a ɗauko daga gidan tarihin Jos a kai Gidan Makama in ce nunin rangadi na ƙasa, mai tsallaka iyaka kuma na ƙasa da ƙasa. Na Kumasi zan rubuta aro tunda haka yake a takardarsu, amma sai na ƙara jimla ɗaya ta yadda kayan suka je Landan.

Ɗan Zangon Kumasi: Ƙara biyu ma in da fili.