Warin fetur a tsohuwar Datsun 280ZX

Mai tambaya: Salamu alaikum. Datsun 280ZX ce ta 1981 da na gada wajen Baba, tana ajiye a Gwale. Da na tayar da ita sai warin fetur ya cika garejin, amma ban ga ɗigo a ƙasa ba. Ina zan fara dubawa?

Bakanike, Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kashe ta, kada ka sake kunnawa tukuna. Duba gajerun tiyon da ke kan injektoci shida ɗin nan masu fesa fetur cikin inji. Zafin inji da zafin Kano ne ke busar da robar. Matsa kowanne da yatsa, in ya yi tauri ko ya tsattsage, ya mutu. Fetur ɗin kan inji mai zafi yake tsiyaya, ya bushe nan take, shi ya sa ba ka ga ɗigo ba. Cire kan batir kafin ka taɓa komai.

Wani mai tsohuwar Marsandi: Kuma kada a sayar maka da tiyon kafireta, ba ya jure matsin injekta. Nemi mai rubutun SAE J30 R9 a jikinsa. Canza su duka, har na wajen tanki, da sababbin kilif na ɗaure bakin tiyo.

Mai tambaya: Na gode, Malam. Asabar zan shigo Ƙofar Ruwa da tsohon tiyon a hannu don gwada kauri.