Neman kalma kafin Alhamis: me za mu kira aikin yanka tsofaffin littattafai a mayar da su ado?

Ummu Affan, Gombe
Assalamu alaikum malamaina. Ina haɗa shirin rediyo kan sana'o'in hannu, za a naɗa ranar Alhamis da safe, rubutun kuma sai ya isa hannun shugaban sashe daren Laraba. Batun makon shi ne abin da Turawa ke kira book sculpture, wasu su ce altered book: a ɗauki littafin da ba mai karanta shi, a yanka ko a rarake ko a ninke fallayensa har ya zama abin ajiyewa a falo. Ina son suna gajere wanda mai sauraro a Kumo ko Dukku zai ji ya gane, tunda rediyo ba hoto. A taimaka.

Malamin Zane
Wa alaikumus salam. Hajiya, ba a fafe gora ranar tafiya, amma ga tawa: sassaƙar littafi. Dalili shi ne yadda ake aikin. Ba'amurken nan Brian Dettmer, wanda ya yi suna a kai, sai ya shafe gefunan littafi da banish ya zama dunƙule ɗaya, sannan ya shiga da wuƙar tiyata daga sama, falle bayan falle, yana barin hoto ko kalmar da ta yi masa, yana cire sauran. Ba ya ƙara komai, ba ya ɗauke wani abu daga nan ya manna can. Ragewa kawai yake yi har siffa ta fito. Abin da masassaƙi ke yi wa gungume ke nan.

Ɗan Wunti, Bauchi
Malam ka faɗi amsa da bakinka ka wuce. Wuƙan tiyata. Shi wannan mutumin ma likitan fiɗan littafi ake masa laƙabi a can. Saboda haka FIƊAN LITTAFI. Gajere, ga daɗin faɗa, ba wanda zai ji bai tsaya ba. Sassaƙa kuwa gizago ne da itace.

Malam Nahawu
Ɗan Wunti, gurbin nan akwai mai shi. Duk ɗalibin adabi ya san in an ce an feɗe littafi ko an feɗe waƙa, sharhi ake nufi, a fito da jigo da salo da zubi. Hajiya na cewa "yau za mu kawo muku fiɗar littafi", rabin masu sauraro za su zauna jiran nazari. Sannan fiɗa mace ce: fiɗar littafi, ba fiɗan ba.

Mai Bandin, Pantami
Kafin ku yi nisa, ku san ba aiki ɗaya ba ne kuke neman wa suna, uku ne, kuma kayan aikinsu ma sun bambanta.

Akwai rarakewa, wadda Malamin Zane ya kwatanta. Ita tana son littafi mai bango mai tauri, ɗinkakke da zare, kaurinsa ya kai santimita 3 ko fiye, irin tsohon ƙamus ko kundin ilimi. Wanda aka manne bayansa da gam kawai, da an buɗe shi sosai sai ya ɓalle gida biyu. Za ka ware bangon gaba da falle uku ko huɗu ka naɗe su da leda don kada su manne. Ka dama farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, kashi biyu gam kashi ɗaya ruwa, ka shafa da burushi a gefuna uku na waje kaɗai. Ka sa katako a kai ka ɗora bulo biyu ya kwana. Da damina a ba shi kwana biyu, don in cikin bai bushe ba wuƙa jan takardar take yi tana yagewa. In ruwa ya yi yawa a damin, fallayen za su kumbura su yi tudu da kwari, kuma ba sa komawa daidai ko da an guga.

Wajen yanka a bar aƙalla santimita 2 daga kowane gefe, in ba haka ba bangon ramin zai rufta. A yi da rula ta ƙarfe, ta roba wuƙa na cin bakinta. Falle huɗu ko biyar a kowane ja, ba fiye ba. Wuƙar a tsaye cak. Nan ne sababbin hannu ke faɗuwa: hannu na karkata kaɗan ba su sani ba, suna nitsawa ramin na tsukewa, kafin su kai ƙasa murabba'in da suka fara da shi ya koma mazurari. Kusurwa kuma daga cikinta ake fara ja zuwa waje, in ka nufo ta daga nesa takarda za ta taru a lungun ta yi gashi.

Na biyu ninki ne, ba a ma cika yanka ba. Na uku a yanko siffa daga falle a tayar da ita tsaye a kan buɗaɗɗen littafi, irin aikin Su Blackwell ta Ingila, bishiyoyi da tsuntsaye da ƙananan gidaje. To wace kalma ce za ta ɗauki ukun?

Ummu Affan, Gombe
Allah ya saka da alheri Baba. Wannan bayanin ma ya shiga shirin. Wuƙar ita ce rezar aski da muka sani?

Mai Bandin, Pantami
A'a 'yata, kada ki faɗi haka a rediyo yara su yanke yatsu. Rezar aski baki biyu gare ta kuma tana lanƙwashewa. A nemi wuƙar tiyata mai lamba 11, mai tsini, da mariƙinta mai lamba 3, shagunan kayan asibiti na sayarwa. Don dogon yanka miƙaƙƙe, wuƙar nan ta masu kafet da ake karya bakinta ta fi. Da kin ji tana jan takarda maimakon ratsa ta, ta dakushe, a canja. Takarda mai sheƙi ta fi saurin cin baki saboda farar ƙasar da aka shafe ta da ita. A ƙarƙashin fallen da ake yanka a zura tsohon fim ɗin hoton ƙashi ko kwali mai kauri, don kada wuƙa ta zarce inda ba a so.

Ɗan Wunti, Bauchi
Lamba 11, mariƙi lamba 3, fim na asibiti. Jama'a duk kayan fiɗa ne! Ku ba da dama wa kalman nan mana. Kuma Malam Nahawu, mu a Bauchi fiɗan muke cewa, kakanninmu ma haka suka ce. Ba Kano ne ya haifi Hausa ba.

Malam Nahawu
Ba wanda ya ce Bausanci kuskure ne. Karin harshe ne, ya sauke bambancin jinsi, ya ce matana ya zo, kowa ya gane. Amma rubutun da za a karanta a rediyo da daidaitacciyar Hausa ake yin sa, kuma a cikinta kalmar da ta ƙare da a galibi mace ce, tana ɗaukar r. Ba ni na kafa ba.

Ɗan Wunti, Bauchi
Galibi. To ruwa fa? Gida fa? Ruwar sha kake cewa? Sa'adu Zungur ɗan Bauchi ne, a kawo mana wanda ya fi shi sarrafa Hausa a Kano ɗin.

Malam Nahawu
Shi ya sa na ce galibi. Shi kuma marigayin, Allah ya jiƙansa, je ka duba ko ya mayar da mace namiji a baitocinsa.

Goggon Yara
Ku dai Hausawa ba ku gajiya. Mu da muka ara muka riƙe muku amana a Gombe ba mu ce komai ba. Hajiya na da kwana biyu, ku kuna kan r da n.

Nawa ƙorafin daban ne. Sassaƙa ba ta ɗauki ninki ba ko kaɗan, alhali shi ne mata da 'yan makaranta za su fi iyawa, don ba wuƙa. Ga yadda yake: littafi mai shafi 400 falle 200 gare shi, kuma da falle ake lissafi. Masu ƙirga shafi su ne littafi ke ƙare musu suna tsakiyar kalma. Kowane falle ana sa masa ɗigo biyu da fensir a bakin gefe, ana aunawa daga sama da rula. A ninko kusurwar sama ta tsaya a ɗigon farko, a ninko ta ƙasa ta tsaya a na biyu, abin da ya rage a tsakani shi ne zai fito a matsayin zane in an tsayar da littafin a buɗe. Harafi ɗaya kan ci falle 30 zuwa 50, don haka suna mai haruffa biyar ba ya shiga ƙaramin littafi. A daddanne kowane ninki da bayan cokali. Kuma a gwada takardar tukuna: ninke kusurwa gaba da baya sau biyu, in ta karye a haƙura da littafin. Irin takardar nan mai arha da ta yi ja, sinadarin itacen da ke cikinta ne ya cinye ta, da hunturu kuwa marmashewa take yi a hannu. Ni dai adon littafi na ce, ya game duka.

Malamin Zane
Goggo, adon littafi zai tafi ga zanen bango da ƙawata gefen shafi, irin zayyanar da ake yi wa Alƙur'ani rubutun hannu. Can ana ƙawata littafi ne ya ci gaba da zama littafi. Nan kuwa ya tashi daga karatu.

Alaramma Bolari
To nan nake jira a zo. Ya tashi daga karatu da izinin wa? Ana kukan yara ba littafi a makarantu, ku kuna neman suna mai daɗi da za ku sa wa yayyaga shi. Sunansa ɓarna, ba sai an wahalar da ƙamus ba. Sannan sassaƙa da kuke ta yabo, gunki take kawowa a rai.

Malamin Zane
Allah ya gafarta Malam, allon da almajiranka ke karatu da shi wa ya yi shi? Masassaƙi. Turmi da taɓarya da ƙotar fartanya da kujerar tsugunno duk sassaƙa ne. Batun ɓarna kuma, a je a ga inda tsofaffin littattafai ke ƙarewa: wajen mai ƙosai, mai gyaɗa, mai tsire, sauran gara ta cinye a sito. Littafin lissafin da aka canja manhajarsa, ko kundin lambobin waya na zamanin wayar girke, wa zai karanta? Amma akwai gaskiya a maganarka, kuma ya kamata Hajiya ta faɗa a shirin. Ba a taɓa duk abin da ke da aya ko hadisi ko sunan Allah, har littattafan addini na firamare, kuma a bi shafi-shafi a duba don wasu na sa bisimilla a farko. Haka littafin ibadar maƙwabtanmu Kirista. Tsofaffin rubuce-rubucen ajami da takardun tarihi kuwa wurinsu ma'adana irin Gidan Arewa da ke Kaduna. Wanda yaro zai iya karantawa a kai makaranta.

Alaramma Bolari
In za a faɗi wannan a fili, kuma a tsaya ga bishiya da gini da haruffa, a bar surar mai rai, na sassauta. Ban ce na yarda da sunan ba.

Mai Bandin, Pantami
Tunda an ambaci gara: kada kowa ya yi amfani da kokon sitaci ko na fulawa wai don arha. Kiran gara da kyankyaso ne, wata uku sun yi yawa. Gam mai kamawa nan take kuma yana ƙona takarda ta yi tauri ta yi tabo. Farin gam dai. Masu tayar da bishiya su yi mata ƙashi da siririyar wayar ɗaurin rodi, a huda fallaye a kafa gindinta, sannan a nannaɗe ta da siraran yankan takarda masu faɗin rabin santimita. Takarda na da bi: yaga ta ta tsaye ka yaga ta kwance, ɓangaren da ta tafi santal shi ne bin ta, a yawancin littattafai daga sama zuwa ƙasa. Yanka da ya bi wannan ya fi ƙarfi, wanda ya gitta shi saurin tsinkewa yake. In an gama a sa a akwatin gilashi, ƙurar hunturu in ta shiga tsakanin fallaye ba ta fita.

Baƙon Dandali
Me zai hana a ari kalmar kawai? Japanawa na da kirigami, duniya ta karɓa. Mu ma mun ari rediyo da fensir ba mu mutu ba.

Malam Nahawu
Kirigami yankan falle ɗaya ne da ninke shi, ba ruwansa da littafi. Haka yankan takarda na Sinawa da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2009, shi ma falle ne. In za a ara a ari daidai. Ga shawarata, ko da ba ta gamsar da ni duka ba: sassaƙar littafi ta zama sunan fannin, tunda masu Turancin ma sassaƙa suka ce suka haɗa duka a ciki. A ƙarƙashinta a ce rarakar littafi, ninkin littafi, da yanka-tayar. Mai yi kuma masassaƙin littafi. Aibinta ɗaya, wanda Goggo ta faɗa: mai ninki bai sassaƙa komai ba.

Goggon Yara
Yanka-tayar kamar sunan maganin gargajiya. Amma ninkin littafi ya yi mini, a bar mana shi da kansa, kada a cusa shi ƙarƙashin gizagon kowa.

Ummu Affan, Gombe
Na gode ƙwarai malamai. Ga abin da zan rubuta: sunan shirin "Sassaƙar littafi da ninkinsa". A farko zan yi jimla ɗaya ta bayani, in kawo sharuɗɗan Alaramma kafin a shiga kayan aiki. Na ukun zan ce "yanka siffa a tayar da ita" kawai, ba suna. Yaya Ɗan Wunti, zan ce ana yi wa Dettmer laƙabi da likitan fiɗar littafi, ka ga kalmarka ta sha iska.

Ɗan Wunti, Bauchi
Sau ɗaya, kuma da r. To shi ke nan. Amma ku rubuta ku ajiye, ranan da yaran Kasuwan Wunti suka fara wannan aiki, fiɗa za su ce, ba mai tambayan ku.

Mai Bandin, Pantami
Hajiya ki ƙara da cewa tsofaffin bakin wuƙa a tara su a gwangwanin madara a toshe bakinsa kafin a zubar, kada a watsa su a shara inda yara ke tsince-tsince.