Neman shawara: aikina a kan fatar talibambam da keratin

Ɗaliba, Ayigya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina shekarar ƙarshe a fannin nazarin halittu, aikin da aka ba ni kuwa shi ne yadda fatar kwaɗo ke ginuwa tun yana ƙwai har ya zama talibambam, da lokacin da keratin, sinadarin da aka yi farce da gashi da shi, ke bayyana. Duk takardar da na buɗe, maganar Xenopus laevis, wani kwaɗon ruwa na kudancin Afirka, take yi, ni kuma ban san inda zan same shi a Kumasi ba. Makon jiya da aka yi ruwan nan na ɗebo ƙwai a kududdufin bayan gidanmu, baƙaƙe, a jere cikin igiya mai yauƙi kamar carbi. Sun ƙyanƙyashe lafiya, amma kwana biyu duk suka mutu. Abin ya dame ni ƙwarai. Me zan karanta, me zan saya, ina kuma na kuskure?

Alhaji mai kiwon tarwaɗa, Sawaba: Wa alaikumus salam 'yata. Wane ruwa kika sauya musu?

Ɗaliba, Ayigya: Na famfo, Baba. Na ga na kududdufin ya yi dauɗa.

Alhaji mai kiwon tarwaɗa, Sawaba: To nan ne. Maganin da ake sa wa ruwan famfo don ya kashe ƙwayoyin cuta, shi ya kashe su. 'Ya'yan kifina ma ba sa jure shi. Ki tari ruwan sama, ko ki bar na famfo a buɗe kwana biyu kafin ki zuba. Roba mai faɗi kike so, ruwan kada ya wuce tsawon yatsa, a inuwa. Kada ki tara su da yawa wuri ɗaya, kuma in za ki sauya ruwa ki rage sulusi kawai. Abinci kuwa, ɗan dafaffen ganyen kontomire.

Anti ta ɗakin gwaji, Tafo: Alhaji, duka na yarda ban da kontomire. Ganyen gwaza yana da gishirin nan oksalet mai ƙaiƙayin maƙogwaro, ba shi da kyau gare su. Latas za ki dafa ya yi laushi, ki ba su ɗan kaɗan, abin da suka bari ki kwashe kafin dare.

Malamin bayoloji, Aboabo: 'Yata, ki kwantar da hankalinki game da Xenopus. Abin da kika ɗebo ya fi dacewa da aikinki. Ƙwai cikin igiya na kwaɗon nan ne mai kaushin baya da ke kuka a lambatunmu da damina, dangin Sclerophrys, wanda tsofaffin littattafai ke kira Bufo. Idan talibambam ɗinsa ya fara cin abinci, ki kwantar da shi rigingine cikin ɗan ruwa, ki duba bakinsa da gilashin ƙara girma na hannu. Za ki ga baƙin baki mai lanƙwasa kamar na aku, da layukan ƙananan haƙora kamar mashacin kai, biyu a sama uku a ƙasa. Waɗannan haƙoran keratin ne, irin abin da aka yi farcenki da ƙahon rago da shi, babu ƙashi a cikinsu. Da su yake kankare gansakuka a jikin dutse. Talibambam ɗin Xenopus ba shi da su sam, tace ruwa yake yi ya ci, da 'yan gashin-baki biyu kamar tarwaɗar Alhaji. Shekara da shekaru ina nuna wa ɗalibaina wannan, ban taɓa ganin wanda ya leƙa bai yi shiru ba. A nan keratin ke fara fitowa a jikin kwaɗo.

Yaya mai karatun digiri na uku, ɗan Asawase: Malam, Allah ya ƙara girma, da izininka zan ɗan gyara jimlar ƙarshe, don mai duba aikinta zai kama ta a nan. Abin da ke fara fitowa a baki shi ne keratin mai tauri, wanda ƙwayoyin halitta suka cika da shi suka mutu suka ƙandare. Amma keratin kansa yana nan tun ƙwai bai haɗu da maniyyi ba, an gan shi a gefen ƙwan Xenopus kamar raga. Zare ne siriri, kaurinsa wajen nanomita 10, kuma kullum iri biyu ne ke haɗuwa su tufka shi, nau'i na ɗaya da na biyu. Aikinsa ya riƙe ƙwayoyin epiteliyam, wato shimfiɗar ƙwayoyin da ke lulluɓe jiki da cikin hanji, don kada su yage in an ja su.

Ƙanwata, abin da zai ba aikinki armashi shi ne kwaɗo yana sauya keratin kamar mai sauya riga. Akwai na ɗan tayi, wanda ke tashi tun lokacin gastirula, sa'ad da ƙwayoyi ke naɗewa su shige ciki. Akwai na talibambam. Sai na babban kwaɗo, wanda a Xenopus aka fi sanin mai nauyin kilodalton 63, shi kuma sai sinadarin tayirod ya hau a jini yake yawaita. Fatar ɗan tayi hawa biyu ce kawai, a cikinta akwai ƙwayoyi masu fitar da majina da wasu masu ɗaruruwan gashi siriri da ke kaɗa ruwa daga kai zuwa wutsiya. Ta babba kuwa hawa-hawa ce, na samanta matacce mai tauri, shi ne wanda kwaɗo ke saɓulewa ya haɗiye.

Malamin bayoloji, Aboabo: Ka yi gaskiya ɗana, na karɓi gyara. Gashin nan da ka ambata ma ana iya nuna aikinsa ba da tsada ba. Ki daka gawayi ya yi laushi sosai, ki ɗiga ƙwarya-ƙwaryar garin kusa da ɗan tayin da ya fara fitar da wutsiya. Shi yana kwance bai motsa ba, amma za ki ga garin yana bin jikinsa yana gangarawa baya.

Ɗaliba, Ayigya: Na gode ƙwarai. To wane jadawalin matakan girman kwaɗo zan bi? An ce mini na Nieuwkoop da Faber.

Yaya mai karatun digiri na uku, ɗan Asawase: Wancan na 1956 ne, matakai 66, kuma don Xenopus laevis kaɗai aka yi shi. Tunda kwaɗon gida za ki yi, ki bi na Gosner na 1960, matakai 46. A mataki na 25 bakin ya kammala, ya fara ci. Wajen na 41 da 42 haƙoran su zube, hannuwa su ɓullo. Kada ki gauraya lambobin biyu a rubutu ɗaya. Don karatu kuma ki shiga Xenbase, shafin intanet na bayanan Xenopus, kyauta ne, akwai zanen kowane mataki da hotunan inda kowace ƙwayar gado ke aiki. Ki nemi aikin Wilson da Hemmati-Brivanlou na 1995, su suka nuna cewa wani furotin mai suna BMP4 ne ke umartar ƙwayoyin saman ɗan tayi su zama fata, in kuwa aka toshe shi sai su koma ƙwayoyin jijiya. Keratin ɗin fata shi ne alamar da ake dubawa a irin wannan gwaji.

Kuma ki sani muna da namu Xenopus a Afirka ta Yamma, tropicalis, ana samunsa a dazuzzukan Ghana. Kuromosom 20 gare shi, laevis na da 36, shi ya sa aka riga karanta kundin halittarsa a 2010, na laevis sai 2016.

Anti ta ɗakin gwaji, Tafo: Maganar saye. Kada ki ɓata kuɗinki a kan antibodi, wato sinadarin da ke maƙale wa keratin ya nuna inda yake, yana da tsada, yana son sanyi kullum, in wuta ta daɗe a ɗauke yana iya lalacewa. Rinin hematoksilin da iyosin, masu fito da ƙwayoyin halitta a gani, sun ishe ki. Ki ɗauki uku-uku a matakai kamar biyar, ki sa su barci da MS-222 har su cika, sannan ki adana a fomalin kashi 10 cikin ɗari. Barasa tana yamutsa talibambam. Fomalin kuma ba a buɗe shi a ɗakin kwana, sai da safar hannu a wuri mai iska. Ki karɓi izinin sashenku kafin ki taɓa ko ɗaya. In an yanka miki, ki ƙirga hawan ƙwayoyin fatar baya a kowane mataki, ki gwada da ta wutsiya. Ta baya tana sabuntawa, ta wutsiya mutuwa take, alhali sinadari ɗaya ne, na tayirod, ya taɓa su.

Malamin bayoloji, Aboabo: Wannan sinadarin, Gudernatsch ne ya gano ƙarfinsa a 1912, da ya ciyar da talibambam naman tayirod suka rikiɗe kafin lokaci, 'yan mitsi-mitsi. Shi ne wanda rashin aidin ke hana jikin mutum yi har maƙoƙo ya fito. Ki leƙa cikinsu ma, hanjin a naɗe yake kamar gammo. Daga epiteliyam ɗin hanjin talibambam John Gurdon ya ciro cibiyar ƙwaya a 1962 ya sa a ƙwai ya samu sabon talibambam, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2012.

Yaya mai karatun digiri na uku, ɗan Asawase: Abu ɗaya da nake roƙo. Akwai fangas mai suna Batrachochytrium dendrobatidis, an ba shi suna a 1999, ya hallaka kwaɗi masu yawa a Amurka ta Tsakiya da Ostireliya. Wurin da keratin mai tauri yake, nan yake zama. A talibambam baki kaɗai yake kamawa, baƙin ya koɗe, haƙora su ɓace, sai ya rikiɗe fata ta yi tauri sannan ya mamaye jiki. Binciken da aka buga a 2013 bai same shi ba a samfuran ƙasashe bakwai na yankinmu, har da Ghana. Don haka ki wanke ragarki da bilic ki shanya tsakanin kududdufi da kududdufi, waɗanda suka rage kuma ki mayar da su inda kika ɗebo su. In kin ga mai koɗaɗɗen baki, ki ɗauki hotonsa ki nuna wa malaminki.

Ɗaliba, Ayigya: Allah ya saka da alheri. Yau da asuba na koma kududdufin, na samu waɗanda suka riga suka girma. Na ɗora ɗaya a murfin kwalba, na haɗa gilashin hannu da kyamarar waya. Na ga layukan, biyu sama uku ƙasa, na biyun na sama a rabe yake a tsakiya. Hoton bai fito sosai ba saboda yana motsi.

Anti ta ɗakin gwaji, Tafo: Rabewar nan daidai ce, ki rubuta ta. Ki rage ruwan har ya rufe shi kawai, ki haska fitila daga gefe.

Alhaji mai kiwon tarwaɗa, Sawaba: Ina da robobi biyu masu faɗi da ba na amfani da su, da duro cike da ruwan sama. Ki turo ƙaninki ya ɗauka bayan sallar Juma'a.